Littattafanka Za Su Tafi Dogarawa

Birnin Ƙonni, ranar Juma'a bayan la'asar.

Malam,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, tare da addu'ar Allah ya haskaka makwancinka, ya sa kana cikin rahama. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba. Babu motar da ke zuwa inda kake. Kuma da za ta iske ka, na san abin da za ka fara yi: ka jawo jan bikinka na rubutu ka bi ta layi-layi kana gyara mini. To ka yi haƙuri da rubutun. Sai bayan tafiyarka na shiga yaƙi da jahilci, da furfura a kaina, hannun kuma ya riga ya saba da taɓarya.

Bari in fara da mutanen gida. Inna, mahaifiyarka, tana nan da ranta, sai dai gwiwa ta hana ta salla a tsaye. Bakinta kuwa lafiya lau yake. Babangida yana Yamai wurin aikinsa, lafiya ƙalau. Matarsa ta haihu namiji, an mayar da sunanka, don haka yanzu ga jika a hannuna ba ni da bakin kiran sa, sai in ce ƙaramin maigida. Yayanka Alhaji yana lafiya, in ban da hawan jini da yawan faɗa. Gonar Dogarawa ta yi gero daidai gwargwado, wake kuwa ya yi sosai. Ni ma lafiyata lau. Wadda ba ta da lafiya ita ce autarka, Saratu. Idanunta ne. Saboda ita na zauna rubuta maka wannan.

Ka tuna alkawarin da na ɗaukar maka? Kana kwance, ciwo ya ci ƙarfinka, ka kama wuyan hannuna ka ce littattafanka kada su bar gidan nan, ƴaƴanka su karanta su. Na ce to. Ban ce to don in lallashe ka ba, da zuciya ɗaya na faɗa. Yau ina so in saɓa wannan alkawari, ina so in fitar da su daga gidan. Ba na son in yi a ɓoye, shi ya sa zan gaya maka dalilina tun daga farko.

Saratu tana ajin ƙarshe a lise, babbar sakandare, bana za ta zauna jarrabawar fita ta bak. Kanka ta ɗauko, kowa ya shaida. Tun bara na lura tana kai littafi har bakin hancinta. Na ɗauka son karatu ne, irin naka. Sai hawaye suka fara zuba ba kuka ba. Sai ciwon kai, irin wanda ke kwantar da ita a ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma a goshi, ƙawayenta su zo su tsaya a ƙofa su wuce lakwal wurin karatu ba ita. Kai ka san ni da tsoro. Na ga makanta a gabana kamar an zana. Na kai ta wurin likitan ido a Tawa. Ya duba ya ce rauni ne da aka haife ta da shi, yana ƙaruwa a hankali. Ya ba ta tabarau, ya ce zai taimaka amma ba zai isa ga ƙananan rubutu ba. Na tambaye shi ko karatun ne ya jawo. Ya ce ba shi ya jawo ba, amma tilasta wa ido abin da ba ya iya gani shi ke kwantar da ita, kuma yarinyar da ke kwance ba ta cin jarrabawa. Ya ce a nemo mata littattafai masu manyan baƙaƙe.

A ina, Malam? Na taka kasuwar Ƙonni daga bakin tasha har rumfunan masu kayan lakwal. Kayen rubutu da biki da alli kamar ƙasa. Littattafan ajinta kuwa, waɗanda ake samu, an buga su a injin kwafi, baƙaƙen kamar tururuwa sun yi jerin gwano, wasu ma sun shafe. Wani mai rumfa ya dube ni ya ce Hajiya, in manyan baƙaƙe kike so sai dai allon talla na bakin titi. Na yi dariya don kada in yi kuka.

Malamarsu ta Faransanci ce ta kawo maganar wani allo na karatu mai aiki da caji. Na faɗa wa Babangida, ya nemo ya aiko da shi ta hannun direba. Ranar da ya iso ban so taɓa shi ba, saboda kai. Ni na san yadda kake ƙwace salula a hannun ƴan lakwal ka kulle a aljihun tebur, ka dawo gida kana cewa wannan abu zai cinye kan yara. Na ce a raina, ga shi na shigo da abokin gabarka har cikin ɗakinka.

Amma ka saurare ni, wannan ba irin wancan ba ne. Ba ya ƙara, ba a kira da shi, ba waƙa ba fim. Bai fi tafin hannunka biyu ba, kuma bai kai faifai nauyi ba. Fuskarsa ba ta ƙyalli, kamar takarda take, har a tsakar gida da rana tsaka ana karantawa. Abin da ya kama zuciyata shi ne baƙaƙen. Yatsa biyu za ka ɗora ka buɗa su, sai rubutun ya girma, ya girma, har kowane baƙi ya kai ƙwayar wake. Ran da Saratu ta fara gwadawa, ta riƙe shi nesa da fuskarta kamar kowa, ta yi shafi bayan shafi, ba hawaye. Ina gefe ina tsince shinkafa, ban san na zubar da mai kyau na bar tsakuwa ba.

Malamar ta zuba mata duk littattafan ajinsu a ciki. Ka tuna jakar da take ɗauka, wadda ke karkatar mata da kafaɗa, har masu kabu-kabu na tsokanar ta wai sai ta biya kuɗin mutum biyu? Yanzu cikin aljihun hijabi take sa shi. In ta ci karo da kalmar da ba ta sani ba, ta danna ta, ma'anar ta fito nan take, ba sai ta sauko da ƙaton ƙamus ɗinka da ake ɗauka da hannu biyu ba. Caji kuma yana daɗewa ƙwarai. Ka san halin wutarmu, ta zo ta tafi ba sallama. Ita dai ko a jikinta.

Ni ma ina karatu a cikinsa, in tana lakwal da safe ta bar shi, ko in tana hutun da likita ya ce ta riƙa yi. An sa mini na Hausa. A nan akwai maganar da ban taɓa gaya maka ba. Sau nawa ka ce in zo ka koya mini, ina cewa aiki ya yi mini yawa? Ba aiki ba ne. Ina jin yadda kake ajiyar zuciya in kana gyaran kayen yaron da bai gane ba, sai in ce ba zan iya jure wannan ajiyar zuciyar a kaina ba. Na fi son ka ɗauka ba na so da ka ga ba na iyawa. Kunyar nan ba ta bar ni ba ko bayan na shiga aji. Littafin da aka ba mu na farko yana da hoton jaki da tulu a bayansa. In na zauna da shi a ƙofar ɗaki, matan maƙwabta su leƙo su ce sannu da aiki minista, yaushe za a ɗauke mu aiki a buro? Sai in tura shi ƙarƙashin tabarma. Wannan allo kuwa ba shi da bango mai hoto. Ba wanda ya san ko littafin ƴan aji biyu nake yi ko na likitoci. In maimaita layi ɗaya sau goma, ba mai gani. Da shi karatuna ya miƙe. Da shi hannuna ya yi ƙarfin rubuta maka wannan.

Za ka ce to madalla, ku yi ta allonku, me ya shafi littattafaina? Ga abin da ya shafe su.

Bara gara ta biyo bango ta bayan akwatin da suke ciki, ta shiga ta ƙasa. Kafin in ankara ta cinye na can ƙasan, na ɗaga wani sai ya zube a hannuna kamar dusa. Na yi musu abin da na iya. Na ɗora akwatin kan duwatsu kamar rumbu, na barbaɗa toka, na cusa ganyen bedi, wato dogon yaro. Gara ta dawo ta wata hanya. Sai dabara ta zo mini. Ka san buhunan nan da muke adana wake, masu leda biyu a ciki, waɗanda in ka ɗaure bakinsu tam iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu a ciki? Wakenmu yana shekara a cikinsu ba huda ko ɗaya. Na ce abin da ya tsare wake zai tsare takarda. Da damina ta kama na jera littattafan a ciki, na matse iskar, na ɗaure leda ta farko, na ɗaure ta biyu, na ɗaure buhun. Har ina yaba wa kaina.

Da kaka ta yi, muka buƙaci buhunan don sabon wake, na kwance. Warin ne ya fara tarbe ni. Hunhuna ta rufe su, fari da kore, shafuka sun manne da juna kamar an zuba koko. Shi wake sai ya bushe ƙamas a rana kafin a ɗaure shi, wannan ko yarinya ta sani. Ban san takarda ma tana shan ruwan da ke cikin iskar damina ba, na ɗaure su da damshinsu. Gara kam ba ta taɓa su ba, a nan dabarata ta ci. Amma buhu guda bai tashi ba sam, sauran kuma sai da muka yi ta shanya. Na zauna a gabansu na ce, Hajara, ke da aka ba amana, ke ce za ki ƙarasa su. In sun sake damina ɗaya a hannuna, ban san me zai rage ba.

Wannan ɗaya ke nan. Na biyu ya fi shi nauyi.

Saratu ba ta rabu da su ba. Duk da allon, sai in nemi yarinya in rasa, in same ta a ɗakinka a durƙushe, tana raba shafukan da suka manne da bakin wuƙa, hancinta a kan takarda, idanu jawur. Na yi faɗa, na yi lallashi. Rannan da na matsa mata ta ce ba rubutun littafin take karantawa ba, naka take nema, wanda ka bi gefe-gefe ka yi da jan biki. Ta ce nan ne kawai take jin muryarka. Na fita na bar ta, na je bayan ɗaki na share fuskata.

Da Babangida ya kawo mana jariri mu gani, na gaya masa. Ya zauna da salularsa ya ɗauki hoton duk shafin da jan bikinka ya taɓa, ya zuba mata su cikin allon. Yanzu tana buɗa rubutunka ya yi girma yadda take so. Ni ma a nan na fara karanta hannunka, Malam. Duk zaman da muka yi ban taɓa sanin me kake rubutawa ba, kuma ko da na koyi karatu, rubutunka ƙanana ne masu haɗe-haɗe, sun fi ƙarfina. Yawanci da Faransanci ka yi, sai Saratu ta fassara mini. Amma akwai wani littafi na aikin gona, inda marubucin ya yi dogon bayani kan yadda ake noman gero, kai kuma ka ja layi ka rubuta da Hausa a gefe cewa wannan bai taɓa riƙe hauya ba. Na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, da na kai ƙarshe na fashe da dariya har Inna ta aiko a ga ko lafiya. Kai ne sak. Kamar ka leƙo ta taga ka faɗa.

Na ɗauka shi ke nan an huta. Ba a huta ba. Ta ce hoto ba ya ƙamshin ɗakinka. Makon jiya na dawo daga gidan suna na tarar da ita a can, ga ƙurar hunhuna, ga duhun ɗaki. Washegari ba ta iya ɗaga kai ba, jarrabawar gwaji ta wuce ta tana kwance. Ba rashin ji ba ne, kewa ce, kuma ba na iya dukan kewa. Muddin suna cikin gidan nan za ta koma musu. In na sa kwaɗo, na zama uwar da ta kulle wa ɗiya ubanta. Gara su tafi inda za a yi amfani da su, ta san suna raye a wani wuri.

Wurin ma ya samu. Daraktan lakwal ɗin Dogarawa na yanzu ɗalibinka ne, Sani, wanda kake cewa kansa kamar randa, a zuba a zuba ba ya cika. Ya zo gaishe da Inna, ya ga littattafan a shanye a tsakar gida, ya tsuguna yana juya su kamar ya ga ƴan uwansa. Ya ce suna da kabad na ƙarfe a buron lakwal ɗin, babu komai ciki sai alli da tuta. Ya ce yaransa, manyan ma, ba su taɓa riƙe littafin da ba na aji ba. Na yi tunani a kai sosai. Yaran can ba su da wuta, ba su da allo, amma idanunsu garau. Takarda ita ta dace da su. Ɗiyarka tana da allo, idanunta kuma ba sa ɗaukar takarda. Ban ga abin da ya rage a yi gardama a kai ba.

Alhaji dai ya gani. Da ya ji, ya zo har gida da carbinsa, ya ƙi zama. Ya ce wasiyya wasiyya ce, mace ba ta warware abin da mamaci ya ƙulla. Ya ce wannan abin roba da muke taƙama da shi, ran da cajinsa ya mutu ilimin gidanmu ya mutu, in kuma ya faɗa randa sai mu sha karatun da ludayi. Ban amsa masa ba, yayanka ne. Inna ce ta ɗago daga kan tabarma ta ce, kai Mamman, tun da ƙanenka ya rasu wanne ka taɓa buɗewa a ciki, ko don ka kori ƙuda? Ya kaɗa riga ya fita. Har yau in na gaishe shi, da hanci yake amsawa.

Ba zan ɓoye maka ba, maganar randar ta tsaya mini. Abin yana iya faɗuwa, yana iya ɓata, ɓarawo yana iya ɗauka. Na ɗinka masa riga da ragowar atamfa, na hana a kai shi kusa da murhu ko rijiya. Babangida ya ce duk abin da ke ciki yana da irinsa a ajiye a wurinsa, in wannan ya lalace a zuba a wani. Ban gane yadda hakan ke yiwuwa ba, amma yaron bai taɓa yi mini ƙarya ba. Littafin da gara ta ci kuwa, wa ke da irinsa a ajiye?

Na je wurin liman ma. Ya ce ilimin da ake amfana da shi ladarsa tana bin mai shi har kabari, wanda ke ruɓewa a buhu kuwa ba ya bin kowa. Amma ya ce alkawari tsakanina da kai ne, in nemi zaɓin Allah, in duba zuciyata. Na duba. Da ka ce kada su bar gidan nan, gidan kake nufi, ginin laka da azara? Ko kuwa tsoro kake kada su ƙare a hannun mai tsire yana naɗe nama da su? Da ka ce ƴaƴanka su karanta, ka san idon Saratu zai zama haka? Kai da kake tashi ka ɗauke ta a kafaɗa in ƙaya ta soke ta, za ka zauna kana kallon ta da tsumma a goshi don takarda ta kwana a ɗakinka? Ban yarda ba. Na zauna da kai, na san ka.

Na gaya wa Saratu jiya. Ta yi kuka, ba ta ci tuwo ba. Da safe ta zo ta ce in bar mata guda ɗaya, babban nan mai taswirar ƙasashe, wanda kake buɗe mata a cinya kana nuna mata teku. Na ce ta ɗauka, rubutunsa manya ne. Sauran ta ce ita za ta jera su a kwali da kanta. Na ce a tsakar gida, da rana, kuma ba buɗewa.

Ranar Laraba motar Dogarawa za ta shigo cin kasuwa, Sani ya yi magana da direban ya biyo ta nan in ya tashi komawa. Saboda haka ina roƙon ka, in akwai abin da za ka ce, ka faɗa kafin Laraba. Na san ba a aiko da takarda daga can. Amma Inna ta ce tana ganin ka a mafarki, Babangida ma ya ce ya taɓa gani. Ni ce ba ka taɓa zo wa ba, ban san laifina ba. To wannan karon ka zo. In ka yarda, ko murmushi ka yi ya ishe ni. In ba ka zo ba, zan ɗauka ka yarda. In kuma ka zo da fushi, zan saurare ka har ka gama, kamar yadda na saba, sannan in tashi da safe in taya direba ɗora kwalayen. Amana biyu ka bar mini, na kasa riƙe su tare, na zaɓi Saratu. Sauran maganar ka ajiye ta sai na iso, mu yi ta gaba da gaba.

Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya haɗa mu a inda ba ciwo. Ka huta lafiya, Malam.

Ni ce matarka,
Hajara, uwar Saratu.